Kalmar "Terminate" A Takardar Sallama: Mece Ce Ma'anarta?

Mutanen karkara da yawa sun zo Kano neman aiki, sun zauna a Dakata, suna sammako zuwa masana'antun Bompai, Sharada da Challawa. Tun daga 1986 da aka shigo da shirin SAP, masana'antu da dama sun rage ma'aikata, wasu ma sun rufe. Takardar sallama kuwa da Turanci ake rubuta ta. Kalmar da ta fi yawan fitowa a ciki ita ce "terminate", ana furta ta taminet.

Ma'anarta ita ce kawo ƙarshen abu. Asalinta daga Latin ne, daga kalmar da ke nufin iyaka. Ba kalmar hira ba ce, ta ofis ce da kotu. A takardar aiki, yarjejeniya ake yi wa "terminate". Idan aka rubuta "Your appointment is terminated", ana nufin an kawo ƙarshen aikin mutum. Sunan abin da aka yi kuma shi ne "termination".

Wannan kalma ba ta nuna an yi laifi. Nan ne ta bambanta da "dismiss", wadda ke nufin kora saboda babban laifi, kamar sata. Wanda aka kora ta wannan hanya ba a ba shi notis, kuma yakan rasa garatuti. Akwai kuma "resign", wato mutum ya ajiye aiki don kansa. Wanda ya dangwala yatsa a takarda mai wannan kalma, za a ce shi ne ya tafi.

Dokar Ƙwadago ta 1974, wadda ta shafi leburori da ƙananan akawu, ta faɗi notis ɗin da za a ba ma'aikaci a sashe na 11. Wanda aikinsa bai wuce wata 3 ba, kwana ɗaya ne. Wanda ya haura wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako ɗaya. Daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, mako biyu. Daga shekara 5 zuwa sama, wata ɗaya. Notis na mako ɗaya ko fiye dole ne ya zama a rubuce. Ana iya biyan kuɗin waɗannan kwanaki a madadin notis. Shi ma ma'aikaci yana da ikon kawo ƙarshen yarjejeniya, idan ya ba da irin wannan notis.

Misali, mutumin da ya yi shekara 6 a masaƙa, aka ce ya tafi yau, yana bin albashin wata ɗaya na notis, ban da na kwanakin da ya riga ya yi aiki.

Saboda haka, duk wanda aka miƙa wa takarda, kada ya yi gaggawar sa hannu. Ya duba wace kalma aka rubuta cikin ukun nan. Idan karatunsa bai kai ba, ya nuna wa malamin ajin yaƙi da jahilci ko wakilin ƙungiyar ƙwadago. Ya kuma adana takardar da kyau, domin ita ce shaidarsa idan magana ta kai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kano.