Gishirin Tigidda da ramin yuraniyom: ina makomar ruwan?

Duk wanda ya saba cin kasuwar Maraɗi ko Ƙonni ko Jibiya ya san layin masu gishiri da kanwa, inda makiyaya ke tsayawa kafin su koma ruga. Wani kashi na wannan gishiri yana fitowa ne daga Tigidda-n-Tesum, wani ƙauye da ke arewa da Ingal cikin jahar Agadas. A can babu teku, babu kogi. Ruwa mai zartsi ne ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin ƙasa, mutanen garin su kwaɓa shi da ƙasa mai gishiri, su tace, su zuba cikin ɗaruruwan ƙananan ramuka, rana ta shanye ruwan, gishiri ya saura. Wato jarin wannan sana'a gaba ɗaya shi ne wannan ruwa.

To amma a kusa da nan ne Azelik take, wadda masana tarihi da dama ke ganin ita ce tsohuwar Takedda mai tagulla da Ibn Battuta ya ziyarta a 1353. A 2007 aka kafa kamfanin SOMINA, haɗin gwiwar gwamnatin Nijar da kamfanonin ƙasar Sin, domin haƙar yuraniyom a wurin. Aikin ya yi ƴan shekaru ya tsaya, bayan farashin ma'adinin ya karye a kasuwar duniya sakamakon haɗarin Fukushima na 2011. Tun a lokacin makiyayan yankin suka yi ta kokawa cewa dabbobinsu na mutuwa idan sun sha ruwa a kewayen ma'aikatar. A 2023 kuma aka sa hannu kan yarjejeniyar sake buɗe ta.

Haƙar yuraniyom na cin ruwa ta fuska biyu. Da farko sai an zuƙe ruwan ƙasa kafin a kai ga dutsen, sannan a yi amfani da wani ruwan mai yawa haɗe da asid wajen wanke dutsen da aka niƙa. Zuƙar tana sa ruwan rijiyoyi da maɓuɓɓugai ya ja baya. Dagwalon da ya rage kuwa tara shi ake yi a fili, idan ya yoyo ya koma ƙasa da gubarsa. Abin lura shi ne, ruwan ƙasa na wannan yanki ya taru ne tun dubban shekaru, lokacin da Sahara ke da damina sosai. Ɗan ruwan saman da ake samu yanzu ba ya mayar da abin da aka ɗiba.

Ba sai an je nesa ba wajen neman misali. A Arlit kamfanin SOMAIR ya fara fitar da yuraniyom a 1971, COMINAK kuma a Akokan a 1978. Rahoton da ƙungiyar Greenpeace ta fitar a 2010 ya ce ma'aikatun biyu sun sha lita biliyan 270 na ruwa cikin shekara 40, kuma huɗu daga cikin samfuran ruwa biyar da aka auna sun zarce ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya. Kamfanin Areva na Faransa ya musanta cewa jama'a na cikin haɗari. Da aka rufe COMINAK a watan Maris na 2021, an bar tsibin dagwalo kimanin tan miliyan 20 a bayan gari.

Nan ne maganar ta shafi ɗan kasuwa. Idan maɓuɓɓugan Tigidda suka yi rauni, gishiri zai yi ƙaranci, farashi ya hau. Idan kuma zancen gurɓata ya bazu, ko da babu tabbas, mai saye zai juya wa kayan baya. Haka nan dabbobin da ke taruwa a Ingal kowane watan Satumba domin lasar gishiri su ne ke gangarowa kasuwannin kan iyaka daga baya.

Saboda haka ya kamata ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na makiyaya su haɗa baki da sarakunan yankin, su nemi hukuma ta riƙa auna zurfi da tsabtar ruwan Tigidda da rijiyoyin kewaye kowace shekara, ta hannun masana da ba sa cin albashin kamfani, a kuma karanta sakamakon a rediyo da Hausa da Tamajaƙ. Tun ran gini ran zane.