Ina Ake Kai Sauran Abincin Jiragen Ruwa Na Shaƙatawa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin tashar Apapa ya ga girman jiragen kaya. To, akwai waɗansu jiragen da aikinsu yawo da masu hutu kan teku. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024, yana iya ɗaukar fasinja 7,600, ban da ma'aikata fiye da 2,000. Gari guda ke nan, kuma ana ɗora tukunya dare da rana. Shin ina ake kai abin da ya saura a kwano?

Wani zai ce ai ga teku nan, a watsa kawai. Ba haka ba ne. Ƙasashen duniya sun ƙulla yarjejeniyar MARPOL a 1973, sashenta na shara kuwa ya fara aiki a ƙarshen 1988. Abincin da aka niƙa har ya bi ta rariya mai ƙofar milimita 25, watau kamar inci ɗaya, ana iya zubar da shi in jirgi ya wuce mil 3 na teku daga gaɓa, kuma yana cikin tafiya. Wanda ba a niƙa ba sai an wuce mil 12. A Bahar Rum da tekun Karibiyan kuwa, niƙaƙƙen kaɗai aka yarda, shi ma bayan mil 12. Leda da man suya an hana zubar da su ko'ina.

Saboda haka ma'aikatan kicin sukan tsince leda da cokula tukuna. Sannan a niƙa, ko a busar a ƙone, ko a zuba cikin injin da ƙwayoyin halitta ke narkar da abincin ya zama ruwa. Kowane zubi sai an rubuta shi a littafi. Dokar kuma tana da haƙori: a 2019 kotun Amurka ta ci kamfanin Carnival tarar dala miliyan 20, cikin laifuffukansa har da zubar da leda gauraye da abinci a ruwan Bahamas.

Abin da ya rage akan sauke shi a tasha, a nan ne maganar ta shafe mu. Sauran naman wata ƙasa yana iya ɗauko cutar dabbobi. A 1957 zazzaɓin aladu ya shiga Fotugal ta sauran abincin jiragen sama da aka ba dabbobi. Don haka 'yan'uwa masu kiwon kaji da tumaki kusa da tasha, ko kyauta aka ba ku sharar jirgi, kada ku karɓa. Araha ba ta ado, rigakafi kuma ya fi magani.