Guzuri da Masauki: Dangin da Suka Ɗauki Nauyin Matasan da Suka Taka zuwa Makka ta Gadarif

Tsakanin Kano da gaɓar Bahar Maliya akwai tazarar da ta haura kilomita 3,000, kuma har zuwa tsakiyar ƙarni na 20 yawancin talakawan ƙasar Hausa da suka yi niyyar sauke farali da ƙafa suke cin mafi yawan wannan tazara, wasu da jaki ɗaya a gaba, wasu da ƙunshin kaya a ka kawai. Garin Gadarif, wanda yake gabashin Sudan tsakanin Sinnar da Kassala, kusa da iyakar Habasha, yana cikin manyan zangunan ƙarshe kafin teku, zango kuwa shi ne wurin da ayari yake yada kaya ya huta kafin ya ci gaba. An saba yabon juriyar matafiyin, kuma ya cancanci yabo, amma saurayin da ya bar gida yana ɗan shekara ashirin bai taɓa isa Gadarif da ƙarfin ƙafarsa kaɗai ba, domin akwai gidan da ya sallame shi ya haƙura da aikinsa, akwai gidajen da suka karɓe shi a hanya, kuma a kan waɗannan gidaje ne ainihin nauyin tafiyar ya sauka.

Tushen al'amarin yana cikin fiƙihun Malikiyya, mazhabar da mutanen Afirka ta Yamma suke bi. Sharaɗin wajabcin hajji shi ne istiɗa'a, wato samun iko, kuma yayin da wasu mazhabobin suka fassara ikon da mallakar guzuri da abin hawa, malaman Malikiyya sun tafi a kan cewa wanda yake da lafiyar takawa, yake kuma da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, shi ma mai iko ne, matuƙar akwai aminci ga rai da dukiya. Littattafan da ake karantawa a zaurukan Kano da Katsina da Zariya, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, sun ɗauki wannan fahimta, saboda haka matashin da ya iya ɗinki ko jima ko wanzanci, ko ya haddace Alƙur'ani yana iya rubuta allo, yakan ga cewa ba shi da wani uzuri sai na iyaye. Iznin iyaye kuwa ba ƙaramin abu ba ne a wurin Bahaushe, domin kowa ya san cewa tafiyar da aka fara ba da albarkar uwa ba, ba a sa mata ran alheri.

Abin da gida yake bayarwa da farko ba kuɗi ba ne, hannu ne. A tsarin gandu, inda uba da 'ya'yansa maza suke noma gona ɗaya su ci daga rumbu ɗaya, tafiyar saurayi guda tana nufin an rasa fartanya ɗaya a kowace damina har shekarun da Allah kaɗai ya san adadinsu, kuma 'yan'uwan da suka rage su ne za su cike gurbin, su kuma biya harajin da yake kansa. Shi ya sa ake jiran kaka, a ga abin da gona ta bayar, sannan a sayar da akuya ko ɗan maraƙi a sayi jaki. Aikin guzuri kuma na mata ne: uwa da ƙannenta da matan yayye za su surfa gero, su wanke, su shanya, su daka shi da kayan yaji ya zama garin da za a dama da ruwa a ko'ina ba tare da an hura wuta ba, su haɗa da ƙuli-ƙuli da dakuwa da busasshiyar kuka da daddawa, abubuwan da ba sa lalacewa da wuri. Ana zuba garin a jakar fata a ɗaure bakinta tam saboda raɓa da tururuwa, a rataya gora da buta a gefen mangala, a naɗe tabarma a bisa, sannan a ɗinke 'yan kuɗin azurfar da aka tara a cikin ɗamara ko a bakin wando, inda ɓarawon zango ba zai kai hannu ba sai ya tashi mai su. Wannan guzuri ba ya wuce 'yan makonni, kuma kowa a gidan ya san haka, amfaninsa shi ne ya raka yaro har ya saba da hanya ya fara neman na kansa.

Abu na biyu da gida yake bayarwa, wanda ya fi gari da azurfa daɗewa, shi ne sunaye. Ba a sakin matashi shi kaɗai, ana damƙa shi amana ga madugu, wato shugaban ayari, ko ga wani malami dattijo da yake tafiya da iyalinsa, a gaban shaidu. Sannan a lissafa masa mutanen garinsu da suka riga shi yin gabas, wane yana Fort Lamy, wadda ake kira Njamena a yau, wane yana Abeche, ƙanin kakarsa an ce yana Fashir, wani ɗan unguwarsu kuma ya yi gida a Gadarif. Sau da yawa akan haɗa shi da wasiƙar ajami, wato Hausa da haruffan Larabci, wadda ba ta ƙunshi komai ba sai gaisuwa da bayanin ko ɗan wane ne mai ɗauke da ita. Hanyar da aka fi bi tana ratsa Barno ta kudancin tafkin Chadi, ta shiga Wadai, ta tsallaka Darfur ta Junaina, ta bi Kordofan zuwa Al-Ubayyid, inda jirgin ƙasa ya iso tun wajen 1912, amma mai kuɗin tikiti ne kawai yake hawa, saura su ci gaba da takawa zuwa kogin Nilu.

Wannan hanya ta girmi mulkin Turawa da nisa. Matafiyin nan ɗan ƙasar Suwizalan, Burckhardt, ya gamu da alhazan Afirka ta Yamma a Sudan a 1814 ya kuma bayyana yadda suke tafiya da ƙafa suna neman abinci da rubutu da ƙwadago, kuma garin Gallabat da yake kan iyakar Habasha, kudu maso gabas da Gadarif, ya daɗe a hannun shugabannin Takari, sunan da ake kiran mutanen yamma da shi. Sai dai babbar ambaliyar jama'a ta biyo bayan 1903, shekarar da Ingilishi suka ci Kano da Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira zuwa gabas, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har bakin Shuɗin Nilu, inda suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar, kuma daga lokacin duk wanda ya taso daga ƙasar Hausa ya san cewa akwai nasa a gaba. Zumunta a ƙafa take, in ji Hausawa, kuma a wannan hanya maganar ta tabbata a zahirinta.

Dalilin da ya sa Gadarif ta zama wurin dogon zama yana cikin ƙasarta. Yankin shimfiɗaɗɗen fili ne na baƙar laka mai riƙe ruwa, wadda take ba da dawa da riɗi da ruwan sama kawai ba tare da ban-ruwa ba, kuma idan damina ta kankama daga Yuni zuwa Satumba lakar takan kama ƙafar mutum da ta dabba har tafiya ta gagara, sai ayari ya tsaya ko yana so ko ba ya so. A ƙarshen shekarun 1920 aka haɗa garin da layin dogo daga Kassala zuwa Sinnar, a tsakiyar shekarun 1940 kuma aka fara noman inji a yankin Gadambaliya, gonaki suka faɗaɗa fiye da yadda mutanen wurin za su iya girbewa. Tarakta tana iya yin huɗa da shuka, amma yankan riɗi aikin hannu ne mai gaggawa, domin da zarar ganyen ya yi rawaya dole a yanke shi cikin 'yan kwanaki, in ba haka ba kwanson ya tsage ƙwayar ta zube ƙasa. Ma'aikaci yakan sunkuya da lauje tun asuba, ya ɗaure dami-dami, ya jingina su tsaye kansu a sama har su bushe, sannan a kifa su a kan shimfiɗa a kakkaɓe, ana kuma biyansa gwargwadon yawan damin da ya tara. Saurayin da ya tashi a gonar gero ba ya buƙatar a koya masa wannan, kuma kaka ɗaya ko biyu a Gadarif, ko tsinkar auduga a yankin Jazira bayan an kammala madatsar Sinnar a 1925, takan ba shi abin da zai biya kuɗin jirgin ruwa daga Suwakin zuwa Jidda.

A nan ne gida na biyu yake shigowa, wato gidan mai masauki. Baƙon da ya iso da wasiƙa, ko da sunan unguwarsu kawai, yakan sami shimfiɗa a zaure, ya kira maigidan Baba, ya kira uwargida Inna, su kuma su kira shi ɗansu, kuma waɗannan sunaye suna ɗauke da haƙƙoƙi na gaske. Maigidan ne zai yi masa tafinta da Larabci, ya kai shi wurin mai gona, ya tsaya a biya shi daidai, ya ajiye masa kuɗinsa don kada ya ci su, ya kuma tsaya masa a gaban hukuma idan maganar takardu ta taso. Idan zazzaɓi ya kwantar da shi, matan gidan ne masu dama masa kunu da jiƙa masa magani, idan kuma ajali ya riske shi, mutanen gidan ne za su yi masa sutura su nemi wani mai komawa yamma ya kai labari. Nazarce-nazarcen da aka yi a kan wannan hanya, irin na Umar al-Naqar a 1972, da na J. S. Birks a 1978, da na Mark Duffield a kan Mai Wurno a 1981, sun haska tarihi da tattalin arzikin al'amarin sosai, amma aikin matan da suka yi shekaru suna ƙara tukunya saboda baƙin da ba su taɓa gani ba har yanzu bai sami rubutun da ya dace da shi ba, kuma wannan gibi ne babba, tun da yawancin waɗanda suka san labarin da bakinsu sun tsufa ko sun rasu.

Darajar wannan kariya takan fito fili idan aka duba abin da yake samun wanda ya rasa ta. Masu kwale-kwalen fasa-ƙwauri sukan karɓi kuɗin alhazan da suke gudun killacewar lafiya da kuɗin hukuma a Suwakin, su tsallaka da su da dare, wani lokaci su sauke su a gaɓar da babu ruwan sha. Mafi muni kuma, rahotannin zamanin mulkin mallaka sun yi ta ambaton yaran Afirka ta Yamma da aka raba da ayarinsu aka sayar a Hijaz, inda ba a haramta bauta a hukumance ba sai 1962. Yaron da yake da wanda zai tambayi inda yake, ya fi wuyar ɓacewa.

Can gida kuwa, jira ne ake yi wanda ba shi da wa'adi. Tafiya da dawowa takan ci shekaru da dama, kuma idan labari ya yanke, shari'a tana da babi a kan mafƙudi, wato wanda ya ɓace ba a san rayuwarsa ko mutuwarsa ba: matarsa takan kai ƙara gaban alƙali, a bincika, a ɗibar mata shekara 4, sannan ta yi takaba, dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai an kai shekarun da ake ganin tsaransa ba sa wuce su. Da yawa daga cikin waɗanda aka jira ba mutuwa suka yi ba, aure suka yi a Gadarif ko a ƙauyukan Jazira, sau da yawa da 'yar mai masaukin, suka sami gona, suka zama masu masaukin na baya. C. Bawa Yamba, a littafinsa na 1995, ya nuna yadda jikoki da tattaɓa-kunnen waɗannan mutane, waɗanda aka haifa a Sudan, suke ci gaba da ɗaukar kansu matafiya da suke kan hanyar Makka. Sauran 'yan Sudan sukan haɗa su da Fulani da Barebari su kira su Fallata, kuma agashe, naman da ake gasawa da garin ƙuli da yaji, ya bazu daga hannunsu zuwa kasuwannin ƙasar baki ɗaya.

Motocin lori sun fara rage takawar tun kafin jirgin sama ya karɓe ta, sannan hukumomin alhazai suka zo, Nijeriya ta kafa ta ƙasa a 1975, daga baya aka kafa hukumar NAHCON a 2006, kuma tun ƙarshen shekarun 1980 Saudiyya take raba kujeru ga ƙasashe gwargwadon yawan Musulminsu, ta yadda mai tafiya da ƙafa ba shi da gurbi a tsarin sai ya bi ta hannun hukuma. Jefi-jefi akan ji wani matashi ya kama hanya a ƙasa ko a kan keke, danginsa suna bibiyarsa ta waya suna tura masa kuɗi, amma abin da yake tare shi yanzu biza ce da shingen iyaka, kuma tun daga 15 ga Afrilu 2023, yaƙin Sudan. Junaina da Fashir, waɗanda dā zanguna ne, sun zama fagen kisa, Hausawan Sudan kuma sun riga sun ɗanɗana tashin hankali a rikicin jihar Shuɗin Nilu na Yuli 2022, wanda ya sa 'yan'uwansu suka fito zanga-zanga a Gadarif da Kassala da Hartum. Jihar Gadarif ta karɓi 'yan gudun hijirar yankin Tigray na Habasha a sansanin Um Rakuba daga Nuwamba 2020, sannan da birnin Wad Madani na Jazira ya faɗi a yaƙin a Disamba 2023, da kuma lokacin da faɗa ya shiga jihar Sinnar a tsakiyar 2024, dubban iyalai suka kwararo cikin garin, wasunsu bayan kwanaki suna tafiya a ƙasa. Waɗanda ba su da kowa an sauke su a makarantu da sansanoni, masu dangi kuwa, ciki har da Hausawan ƙauyukan Jazira da na bakin Shuɗin Nilu, gidajen 'yan'uwansu suka nufa, inda iyali biyu ko uku suke raba ɗakuna da abinci a lokacin da tsadar dawa ta kai inda masu gidan kansu suke ci da ƙyar.