DALA UKU, SUNA ƊAYA

Kowa ya san dala. Yaro ya san ta, tsohuwa mai ƙosai ta san ta. Amma dalar da ke cikin jarida ba kullum ba ce dalar da ke cikin aljihu. Wanda bai gane haka ba, karatunsa yana iya jawo masa asara.

Ga abin da ya sami wani manomi na ƙasar Maraɗi, wanda bai daɗe da iya karatu ba. Ya ga an rubuta a jarida: tiyar wake 500 F. Sai ya ce a ransa ɗari biyar, watau jika biyu da rabi. Ya aza wa jakinsa buhu, ya nufi kasuwa. Duk wanda ya taya dala ɗari, sai ya ce albarka. Har rana ta faɗi bai sayar ba, ya koma gida da kayansa. Da dare, a wurin yaƙi da jahilci, malami ya duba jaridar ya ce masa: "Baba, ai dala ɗarin nan da ka ƙi, ita ce 500 F."

Dalili shi ne: kasuwa da dala take ƙirge, takarda kuwa da tamma. Dala ɗaya tamma 5 ce. Harafin F da ke bayan lamba yana nufin tamma, watau faran na sefa, kuɗin da aka kafa a 1945. Wanda ya ga F, sai ya raba lambar gida biyar:

25 F, dala biyar.
100 F, dala ashirin.
500 F, dala ɗari.
1.000 F, dala ɗari biyu, watau jika ɗaya.

Wannan ita ce dala ta fari, ta kasuwa.

Dala ta biyu tana zuwa cikin labarun duniya. Idan jarida ko rediyo suka ce, a misali, an ba da bashin dala miliyan ɗaya don ginin rijiyoyi, ba dalar kasuwa ake nufi ba. Kuɗin Amurka ne. Dalar Amurka ɗaya ta fi 500 F, watau ta fi dala ɗari ta kasuwa. Miliyan ɗaya ta kasuwa jika 5.000 ce, ta Amurka kuwa ta fi jika 500.000. Wanda ya haɗa su, zai ɗauki babban bashi ƙarami.

Me ya sa sunansu ya zo ɗaya? Domin asalinsu ɗaya ne. A ƙasar Turai an yi wani babban kuɗin azurfa mai suna "tala". Fatake sun ƙetaro hamada da shi daga Tarabulus har Damagaram da Kano. Yana ɗauke da hoton sarauniyar Ostiriya, Mariya Tereza, da shekarar 1780. Da Faransawa suka zo da azurfarsu ta tamma 5, mai kama da shi, sai ta gaji sunan. A Nijeriya, zamanin Ingilishi, sule biyu ake kira dala. Sunan kuɗin Amurka ma daga "tala" ya fito.

Dala ta uku ba kuɗi ba ce sam. Idan an rubuta "dalar gyaɗa", buhuna ne da aka jera, ƙasa da faɗi, sama da tsini, kamar yadda aka yi a Kano lokacin da gyaɗa ke tashe. An ba ta sunan dutsen Dala na cikin birnin Kano. Haka kuma ƴan jarida ke kiran manyan gine-ginen sarakunan Masar na da. A baki, muryar kalmomin ta bambanta, kunne yana rarrabewa. A takarda kuwa haruffa huɗu ne, ba bambanci.

To, mene ne magani? Mai karatu kada ya tsaya ga kalma ɗaya. Ya duba abin da ke gabanta da abin da ke bayanta. In ya ga F, ya raba biyar. In ya ga sunan Amurka ko Bankin Duniya, ya san ba ta kasuwa ba ce. Kafin ya sa hannu a takardar bashin taki ko ta iri, ya tambaya: jika nawa ke nan? Masu rubutu su ma da nasu aiki: su riƙa faɗin kuɗi da jika, yadda mutanen karkara ke ji.

Shi kuwa manomin, da kasuwa ta zagayo, ya sayar da wakensa dala ɗari ɗari. Yanzu shi ke karanta wa maƙwabtansa farashi.