Lambar da ke Juya Rayuwar Matuƙan Jiragen Amurka

Ranar 15 ga Janairun 2009, lokacin da jirgin US Airways ya yi karo da garken tsuntsaye har ya sauka a kan kogin Hudson na New York da mutum 155, matuƙa biyu ne a gaba. Duniya ta haddace sunan Kyaftin Chesley Sullenberger. Amma Jeff Skiles, wanda ke kujerar dama, shi ma ba yaro ba ne. Ya haura shekara 20 a kamfanin, ya ma taɓa zama kyaftin. Bai yi laifin komai ba aka mai da shi mataimaki. Kamfanin ne ya rage jirage da ma'aikata, lambarsa kuma ta kasa riƙe masa kujerar hagu.

Wace lamba ce wannan? A manyan kamfanonin jiragen Amurka, ranar da aka ɗauki matuƙi aiki ake sa sunansa a ƙasan jeri, daga nan kuma kusan komai nasa na rataye da wannan gurbi. Lambar ce ke faɗin irin jirgin da zai tuƙa, da garin da zai zauna, da ranar da zai samu damar zama kyaftin. Duk wata, na sama ne ke fara zaɓen tafiye-tafiyen da suke so. Sabon shiga sai ya kwashi saura, ko ya zauna cikin shirin ko-ta-kwana, waya a hannu, yana jiran kira, Kirsimeti ko ba Kirsimeti. In kasuwa ta karye kuwa, daga ƙasan jerin ake fara sallama.

Ƙungiyoyin matuƙa, musamman ALPA da aka kafa a 1931, su suka tsaya kai da fata a kan tsarin, kuma suna da hujja. Inda babu ɗan mowa babu ɗan bora, matuƙi na iya ƙin tashi da jirgin da bai amince da lafiyarsa ba, ba tare da fargabar manaja zai danne masa ƙarin girma ba. Wannan ba ƙaramar kariya ba ce ga fasinja.

Matsalar ita ce lambar ba ta bin mai ita. Kyaftin mai shekara 25 a bakin aiki da ya koma wani kamfani, daga ƙasa zai fara, da albashin shekarar farko. Da kamfanonin Eastern da Pan Am suka durƙushe a 1991, matuƙa da dama da furfura ta fara kama su haka suka sake sabon lale.

Haɗewar kamfanoni ta fi zafi. Da American ta sayi TWA a 2001, an jera ɗimbin matuƙan TWA a can ƙasa, harin 11 ga Satumba ya zo, sallama ta fara da su. Bayan haɗewar US Airways da America West a 2005, rigimar wa ke gaba da wa ta kai matuƙan suka fice daga ALPA a 2008, aka shafe shekaru ana safa da marwa a kotu. Mutane ne masu kaki iri ɗaya, jeri biyu.

Sai kuma batun ritaya, wanda shi ke buɗe wa na ƙasa hanya. A ƙarshen 2007 Amurka ta ɗaga shekarun ajiye aikin matuƙa daga 60 zuwa 65, ga karayar tattalin arziki ta 2008 ta biyo baya, jerin ya tsaya cik na kusan shekara biyar. Da aka nemi a kai shekarun 67, ALPA ta ce ba ta yarda ba, dokar sufurin sama da majalisar Amurka ta zartar a 2024 kuma ta bar su a 65.