Ka Juya Ganye Kafin Ka Sayi Magani

Tun da aka gama madatsar ruwan Challawa kusa da Karaye a 1992, noman rani ya ƙara ƙarfi a wannan yanki har zuwa ƙasar Rogo. Mutane da yawa sun kama lambu, suna shuka tumatir da albasa da tattasai da kabeji. To, amma inda lambu ya yawaita, nan ƙwari ke taruwa. Waɗanda suka fi ɓarna kuwa ƙanana ne ƙwarai, har mai lambu ya wuce su bai gani ba. Saboda haka ya kamata kowa ya san su tun kafin ya kai kuɗinsa wurin mai magani.

Na farko ita ce darɓa. Ƙwari ne masu taushi, kore ko baƙi, suna cunkushewa a ƙarƙashin ganye da kan toho suna tsotse ruwansa. Alamarsu ita ce ganye ya yi danƙo, tururuwa kuma na hawa da sauka a jikin shuka. Kada a raina ta. Darɓa ce ta yaɗa cutar da ta halaka gyaɗa a Arewa a 1975, dattawa ba su manta ba.

Na biyu farin ƙuda. In ka girgiza tumatir ka ga wani abu fari ya tashi kamar toka, to, shi ne. Shi ke kawo cutar da ke sa ganye ya nannaɗe, shuka ta tsugune ta ƙi 'ya'ya. In cutar ta kama, ba ta da magani, sai a tuge shukar.

Na uku wasu sirara ne masu ɓuya a tsakanin ganyen albasa. Sukan kankare ganye ya yi fari-fari, albasa ta ƙi girma.

Na huɗu, wanda ya fi duka, shi ne sharon. Asalinsa daga Kudancin Amurka ne. Ya shiga ƙasar Sifen a 2006, ya iso mana a 2015. A 2016 ya cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, har Gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kansa, masana'antar tumatir ta Kadawa kuma ta tsaya don rashin kaya. Uwarsa 'yar ƙaramar malam-buɗe-littafi ce mai yawon dare, takan yi ƙwai har 260. Tsutsar na shiga cikin naman ganye, ta bar wani tabo fari kamar an ƙona, sa'an nan ta huda ɗan tumatir. Da zafi, cikin wata guda ƙwai ya zama uwa. Shi ya sa ɓarnarsa ta fi tsanani daga Maris zuwa Mayu.

To, ina dabara? Ka shiga lambu da sassafe, sau biyu a mako, ka riƙa juya ganye kana dubawa. Ganyen da ka ga tabon sharon, tsinke shi ka binne, kada ka yar a bakin kwari. Da dare ka ajiye kwano da ruwan sabulu, ka rataya fitila a kansa, uwayen za su faɗa ciki.

Darɓa da farin ƙuda kuwa, darbejiya ta ishe su in an fara da wuri. Daka ƙwallonta busasshe rabin kilo, jiƙa cikin ruwa lita 10 ya kwana, tace, zuba ɗan sabulu, ka fesa da yamma har ƙarƙashin ganye. Maimaita bayan mako guda. In ka ga wani ƙwaro ja mai ɗigon baƙi a cikin darɓa, bar shi, abokinka ne, ita yake ci.

In abin ya kai ga maganin kanti, nemi malamin gona na KNARDA ya gaya maka wanda ya dace. Kada ka sayi wanda ba shi da lambar NAFDAC. Kada kuma ka dawwama a kan iri ɗaya, domin sharon yakan saba da magani har ya daina jinsa. Lalle ka cika kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin ka tsinki kaya, gama mutane ne za su ci.

Abu na ƙarshe, wannan yaƙi ba na mutum ɗaya ba ne. In ka gama ɗiban tumatir, tuge karan ka ƙone, baɗi ka shuka albasa ko masara a wurin. Amma in maƙwabcinka ya bar nasa tsohon lambu tsaye, daga can ƙwari za su dawo maka. Sai masu fadama guda su haɗu da mai unguwa, su yanke ranar da kowa zai share nasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba mu albarkar lambu, amin.