Injin Tafiya: Daga Gidan Yari Zuwa Gidan Motsa Jiki

A shekarar 1818 wani injiniya ɗan Ingila, William Cubitt, ya ƙera wa gidajen yari wata ƙatuwar na'ura mai matakala da ke juyawa kamar ganga. Fursuna ya taka, matakalar ta sulale ƙasa, ya ɗaga ƙafa ya taka ta gaba, a haka zai wuni yana hawa bai isa ko'ina ba. A wasu wuraren juyawar tana niƙa hatsi ko jawo ruwa, a wasu kuwa wahalar kawai ake so mutum ya sha. Sai a farkon ƙarni na 20 Ingila ta rabu da wannan azaba.

Yau jikan wannan na'ura ne mutane ke biyan kuɗi su hau, wasu har da layi.

Likitoci ne suka wanke masa suna. A 1963 Robert Bruce, likitan zuciya a Jami'ar Washington da ke Amurka, ya fitar da tsarin gwada zuciya a kan injin tafiya: a manna wa majinyaci wayoyi a ƙirji, duk bayan minti 3 a ƙara sauri a ƙara tudu, ana kallon yadda zuciya ke amsawa. Har gobe asibitoci na amfani da tsarin. Abin da ya ja hankalin Bruce shi ne yake amfanar sabon shiga, wato tafiyar a aune take. Mutum ya san saurinsa, ya san mintunansa, gobe kuma zai iya ƙara kaɗan a kan na yau. Ga mazaunin Kano ko Sakkwato akwai ƙarin riba: ba ruwansa da zafin Afrilu, ƙurar hunturu ko 'yan adaidaita da ke shafar kafaɗar mai tafiya a gefen titi. Matsalar dai ɗaya, wutar lantarki.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako. Mafi ƙarancinsa ke nan minti 30 sau biyar. Gane matsakaici ba ya buƙatar agogo mai tsada: idan mai tafiya yana iya hira amma waƙa ta gagare shi, yana daidai. Idan kalma biyu ma sai ya tsaya jan numfashi, ya zarce.

Wanda ya shekara goma daga mota sai kujerar ofis ba zai fara da minti 30 ba. Minti 10 ko 15 sun ishe shi a makon farko, biyar na farko a hankali, kamar kilomita 3 a awa, don jiki ya ɗumama. Daga nan ya matsa zuwa 4 ko 5. A fara tsawaita lokaci tukuna, sauri da tudu su biyo baya. Masu gaggawa su ne waɗanda gwiwa da ƙwauri ke kora tun ba a je ko'ina ba, injin ya koma wurin shanya tawul.

Batun taku 10,000 a rana ma yana karya wa mutane gwiwa ba gaira ba dalili. Lambar ta samo asali ne daga sunan wata na'urar ƙirga taku da aka tallata a Japan a 1965. Binciken da I-Min Lee ta Jami'ar Harvard ta jagoranta, wanda ya fito a 2019, ya bi mata tsofaffi fiye da 16,000. Masu taku kimanin 4,400 a rana sun fi masu 2,700 ƙarancin mutuwa a tsawon binciken, amfanin kuma ya ci gaba da ƙaruwa har wajen 7,500 kafin ya daidaita.

Sai kuma yayi. Wata Ba'amurkiya, Lauren Giraldo, ta yaɗa tsarin 12-3-30 wanda ya cika TikTok a 2020: tudu kashi 12 cikin ɗari, mil 3 a awa, wato kusan kilomita 5, har minti 30. Aiki ne na gaske, amma ba na ranar farko ba. Shi ya sa ake ganin mutane sun rungume ƙarfen gefe, sun jingina baya suna rataye. Da zarar hannu ya ɗauke nauyi, ƙafa da zuciya sun samu rangwame, allon injin kuwa bai sani ba, yana ta lissafa kalori kamar da gaske. Gara tudu kashi 2 hannu a sake da kashi 12 a rataye.

Mai ciwon zuciya, hawan jini ko ciwon sukari ya fara ganin likita. Mai sukari kuma ya kula da takalmi, domin ƙaramin ƙurji a ƙafarsa kan zama babban gyambo. Ciwon ƙirji ko jiri na nufin a tsaya nan take. Igiyar nan mai maƙali da yawanci ake bari tana lilo, a riga ake maƙala ta, don injin ya mutu idan mutum ya zame. Gidan da ke da yara ya fi buƙatar hattara: a 2021 kamfanin Peloton ya janye injinsa na Tread+ daga kasuwa bayan mutuwar wani yaro da jikkatar mutane da dama. In an gama, a zare filogi a ɓoye maƙalin.

Sauka ma da ladabinta. A rage sauri na minti 5 kafin a tsaya, saboda tsayuwar farat ɗaya kan sa jini ya taru a ƙafafu, kai ya juya. Ko an bi wannan, sabon shiga kan ji kamar ƙasa na tafiya da shi na 'yan daƙiƙu, kafin ido da ƙafa su sake jituwa.